Ranar da Kaka Bai Ƙwanƙwasa Ba

Wanda Ya ba mu aron Kaka Ya karɓi abinSa, mu ma duk can muka dosa. Kowa ya faɗi haka ranar da muka dawo daga maƙabarta, amma ban ga wanda ya faɗa da natsuwar da aka saba ba. A siton Kawu da ke unguwar Sabkha a Dubai muka yi zaman makoki. An ture kwalayen takalma da dilolin yadi gefe, an shimfiɗa tabarmi, an kawo shayi a fulas, babu mai sha. Na zauna makoki da yawa a Kano, na san yadda yake tafiya. A yi addu'a, a yi shiru, can wani ya tuno abin dariya na mamacin, a murmusa, zuciya ta ɗan sauka. A wannan zaman babu wanda ya murmusa. Mutum zai shigo ya ce, "Ya haƙuri?" a ce masa, "Da godiya," sai ya nemi lungu ya zauna yana juya wayarsa a hannu.

Abin da ke fuskokin nan ya wuce baƙin ciki. Tsoro ne. Kaka, mahaifin Ummata, ya rasu shi kaɗai a ɗakinsa da ke unguwar Satwa, kuma ya yi kwanaki a ciki kafin mai gadin benen ya lura fitilar ɗakin ba ta mutuwa, ya kira 'yan sanda suka buɗe. Mutumin da babu Bahaushen da ke kwana a Dera ko Satwa da shi Kaka bai san ƙofarsa ba. Kowa a wurin lissafi ɗaya yake yi a ransa: in har wannan zai samu Malam, kamar yadda suke kiran Kaka, to ni wa zai neme ni?

Wani ɗan kasuwa da ke sayen kayan waya ya kasa riƙewa, ya ce, "Ni wallahi wanda muke bango ɗaya da shi ko sunana bai sani ba."

Na kusa da shi ya ce, "Halas, shi ke nan, ni na gama. In na loda kwantenar nan na koma gida, sai dai a riƙa turo mini kaya."

Kawu, ɗan yayan Kaka ne, shi ne babba a cikinmu yanzu. Ya jawo ni bayan kwalaye, idonsa ja. Ni lokacin ina Kano, na je sunan 'yata, da jin labarin na hau jirgi, da ƙyar na samu jana'iza. Kawu ya ce, "Ɗana, an kira ni fa. Baba Tela, aminin Baffa, ya kira ni ranar Asabar ina wajen loda kaya, ya ce Baffa bai zo masa Juma'a ba. Ni kuma na ce masa, 'Kwantar da hankalinka, Baba, ya ɗan matsa ne, ka san shi da Umara.' Na kashe waya na ci gaba da aikina."

Wanda bai zauna cikin 'yan kasuwarmu ba ba zai gane nauyin kalmar nan ba. A wurinmu ba a faɗin tafiya. Wani yana tsoron baki, wani yana gudun a ɗora masa saƙo, wani ba ya son abokin sana'a ya san kasuwar da ya nufa. Sai dai a wayi gari ba a ga mutum ba. Tambaya kuma rashin ta-ido ce, don haka sai a ce "ya ɗan matsa," a rufe zancen. Da wannan kalmar aka rufe zancen Kaka yana kwance a ɗakinsa.

Na duba cikin siton na ce, "To ina Baba Telan? Ban gan shi a maƙabarta ba."

Wani daga gefe ya buɗe baki ya ce, "Wataƙila ya ɗan..." sai ya haɗiye sauran. Duk wanda ya ji ya sunkuyar da kai. Baba Tela ba ya matsawa ko'ina. Tsoho ne mai ciwon suga, bizarsa ta mutu shekaru da yawa, yana zaune a wani ɗaki a saman rufin bene a Satwa, kuma ba ya buɗe wa kowa ƙofa sai Kaka. Muka kira wayarsa, a kashe. Muka sake kira bayan magariba, a kashe. Sau ɗaya na taɓa zuwa ɗakin, ban kuma tabbata zan gane benen da duhu ba, sai na ce da safe zan nemo shi. Abin da zan rubuta a kan Kaka duk a tsakanin wannan kiran da wannan safiyar ya dawo mini, shi ya sa ba na iya tuna shi ba tare da gabana ya faɗi ba.

Kaka malamin firamare ne kafin ya zama komai. Darasin zaman jama'a yake koyarwa, wanda yara ke kira soshiyal: yadda ake kafa gari, me ke tayar da mutane daga wuri, me ke zaunar da su a wani. Da koyarwa ta daina riƙe gida sai ya biyo 'yan kasuwa zuwa nan, a zamanin da, in ji shi, ɗaki ɗaya ke ɗauke Hausawan Dera gaba ɗaya har da baƙinsu. Ya buɗe ɗan shagon kago, na aika kaya ta jirgi. Gaskiya a faɗe ta ko a bayan rai, Kaka bai iya kasuwanci ba. Mutum zai zo a auna masa kaya, ya tashi da tarihin garinsu da bai tambaya ba, jirgi kuma ya kusa tashi. Da shagon ya rufe, Kawu ya saka shi a kamfaninsa don bizarsa ta zauna, aka ce shi ne mai kula da sito. Sito kam bai ga kulawa ba, mutane ne suka gani.

Ranar da na fara sauka a ƙasar nan, na samu aikin akawu a wani ofishin jigila a Rigga, na ɗauka tsohon zai kai ni in ga dogayen benaye. Sai ya saka ni a kwalekwalen da ke ƙetare ruwan Dera, ya zauna ya harɗe ƙafa.

"Ɗan albashi," haka yake kirana, "me ka gani?"

"Birni na gani, tsoho. Ko idon ya fara tafiya ne?"

"Birnin masu shi ne. Mu tunga muke ciki." Ya nuna mini gefen Sabkha da haɓa. "Tunga ita ce inda mutane suka sauka a bakin daji, kowa yana cewa na ɗan lokaci ne. Ba mai dasa itacen da zai jira. Ka tambayi duk wanda ka gani a can yaushe zai koma, zai ce maka baɗi. Ni ma baɗi nake cewa tun uwarka tana goyon ka."

Na ce masa ni kam shekara biyu zan yi. Ya yi dariya har mai kwalekwalen ya waiwayo.

A bakinsa na san asalinmu. Mahaifinsa ne da wasu magidanta suka sari daji can kudancin Kano suka kafa tunga, lokacin ƙasar noma ta yi musu kaɗan a garinsu. Kaka ya ce abin da suka fara yi, kafin rijiya, kafin masallaci, shingen ƙaya ne. Bukkokin kuma a manne suke, in wani ya yi tari na kusa zai ji. Kullum da sassafe mahaifinsa zai hau kan wani suri ya kira magidanta ɗaya bayan ɗaya, babu mai ɗaukar fartanya sai kowa ya amsa. Da shekaru suka tura, aka ci dajin, kuraye suka ja baya, sai kowa ya ɗauke bukkarsa ya kai bakin gonarsa, inda ba mai ganin yawan abin da ya girbe. Kiran safe ya mutu don murya ba ta kaiwa. A wata shekara aka daina ganin wani maharbi da ke zaune shi kaɗai, aka ce ai ya tafi cin rani. Sai da damina ta kawo jiki aka same shi a cikin wani tsohon ramin haƙar ƙasa, bai fi tafiyar shan ruwa daga tungar ba. Kaka ya ce mahaifinsa ya ga sawun yatsun mutumin a jikin bangon ramin, layi-layi har inda hannunsa ya iya kaiwa, kuma har ya rasu bai daina ganinsu ba.

"Tsoro iri biyu ne," in ji Kaka. "Akwai na kura, wannan yana tara mutane wuri ɗaya. Akwai na kada a san halin da kake ciki, wannan kuwa kowa ɗakinsa yake kai shi ya rufe. Nan babu kura, Ɗan albashi. Titi tas, fitila ko'ina, ka yar da jaka a same ta. Na biyun ne kawai ya rage mana. Wannan bizarsa ta kusa mutuwa ba ya son a sani, wancan kasuwa ta juya masa baya ba ya son a ji a gida, wancan ciwo ne yake ɓoyewa kada a sallame shi daga aiki."

Daga nan zagayen Juma'a ya samo asali. Da an sallame salla, Kaka zai ɗauki ledarsa mai burodi da dabino da maganin ciwon kai, ya fara daga Sabkha, ya bi ta Rigga, ya ƙare a Satwa wajen la'asar sakaliya. Ba ya shiga ɗaki, ba ya zama, ba ya shan ruwan kowa. Zai ƙwanƙwasa ya ce, "Da rai?" In an ce, "Da rai, Malam," ya wuce. In ba a amsa ba zai tsaya, ya sake, ya tambayi na kusa, ya kira waya, ba ya barin ƙofar sai ya san inda mai ita yake. 'Yan kasuwa suka sa masa suna Duba-gari. Masu aikin dare da ke ramuwar barci sun tsine wa ƙwanƙwasar nan a ɓoye ba sau ɗaya ba, ni ma ina cikinsu. Na taɓa amsa masa daga cikin bargo na ce, "Na mutu, tsoho, sai wani satin." Ya ce, "To Allah Ya jiƙanka, ka bar mini agogon nan naka."

Roƙonsa ɗaya ne ga kowa: in za ka yi tafiya, ka faɗa wa mutum ɗaya. A kan wannan suka yi faɗa da Kawu, faɗan da har yau ana tuna shi a Sabkha. Kawu ya sulale ya tafi Sin bai gaya wa kowa ba. Kaka ya ƙwanƙwasa Juma'a babu amsa, waya ba ta shiga, ya dawo washegari haka, sai ya sa mai gadi ya buɗe gidan, mutum uku na biye da shi don shaida. Ba su samu gawa ba. Samfurin wani sabon mayafi suka samu a baje a falo, wanda Kawu yake ɓoyo don ya riga kowa kai shi Kano. Kafin ya dawo labari ya gama kasuwa.

Ina wurin da suka haɗu. Kawu bai ɗaga murya ba, don Baffansa ne.

"Baffa, nan Dubai ne, ba ƙauye ba. Ba a buɗe wa mutum gida."

"Mutum ɗaya na ce ka faɗa wa. Ban ce ka yi shela a kasuwa ba."

"Mutum ɗaya shi ne kasuwa, Baffa. Ka jawo mini asara a kan tatsuniyar rami."

Kaka ya ce, "Mayafi na gani, na gode wa Allah. Abin da na shiga da tsoron gani ba shi ba ne."

Azumin shekarar ko buɗa-baki ba su yi tare ba. Daga baya manya suka shiga tsakani, aka shirya, amma da sharaɗi: Malam ya ci gaba da ƙwanƙwasarsa, sai dai daga yau babu wanda zai sake sa a buɗe ƙofar wani. Kowa ya ce wannan adalci ne. Ni ma a lokacin haka na gani.

Ƙofar ƙarshe a zagayen ita ce ta Baba Tela, kuma nan kaɗai Kaka yake shiga ya zauna. Tare suka zo ƙasar nan. A da babu telan da ya kai shi hannu a Satwa, har Larabawa suna kawo masa ɗinki. Mai shagon da ya ɗauke shi ya rufe ya bar ƙasar, bizar Baba Tela ta mutu, ya ce wata mai zuwa zai gyara, wata ya zama shekara. Da ya ga abin ya yi nisa sai ya hau rufin bene da kekensa ya daina sauka. Kaka ke karɓo masa ɗinki a wurin mutane, ya kai masa magani, wani mai shago a ƙasa kuma yana rataya masa burodi a hannun ƙofa. An sha ba da damar masu irin matsalarsa su fito su koma gida ba tare da hukunci ba, Kaka ya yi ta fama da shi, ya ƙi. Matarsa ta rasu yana nan, 'ya'ya babu, 'yan'uwa sun raba gida sun watse. "In koma in ce musu me?" Abin da yake maimaitawa ke nan.

Ranar da na raka Kaka, tsohon ya leƙo ya gan ni, ya ja baya da sauri.

"Wane ne wannan, Malam?"

"Jikana ne. Ba ya cizo, sai dai surutu."

Ɗakin bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Suka fara da faɗan da suka saba, a kan sukarin da Baba Tela ke zubawa a shayi. Sannan na ga abin da ban taɓa zato ba. Kaka, da furfurarsa da ciwon gwiwarsa, ya durƙusa ya ɗora ƙafar amininsa a cinyarsa, yana buɗe 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya yana dubawa, don mai suga ba ya jin ciwo a ƙafa sai ya ci shi. Ya wanke, ya shafa mai, yana yi yana masifa. Baba Tela yana kallon rufi kamar ba ƙafarsa ake taɓawa ba. A kan matakala muna sauka Kaka ya ce mini, "Wannan in ban zo ba babu mai zuwa. Shi ya sa ko Sharja zan je kwana ɗaya sai na faɗa masa. Shi ne mutum ɗayana."

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka Kaka jarumi ne. Shi da bakinsa ya ce mini ba haka ba ne. Muna shan shayin karak mai madara a Rigga wata ranar hutu, na ce masa, "Tsoho, kai da kake duba kowa, wa ke duba Duba-gari?" Ya ce ai shi kullum yana waje, kowa na ganinsa. Sannan ya ajiye kofin ya ce, "Kana tsammanin don ƙarfin zuciya nake yawon nan? Duk ƙofar da na ɗaga hannu zan buga, sai in ce a raina ko ba za a amsa ba. Na fi kowa tsoro a garin nan. In na zauna a ɗaki ni kaɗai, ramin nan nake gani, shi ya sa nake fita." Kuma shi ma yana da abin da yake ɓoyewa. Tun da shagonsa ya rufe ya koma wani ɗan tsukukun ɗaki da aka yanka da katako, ba ya son kowa ya gani. Duk wanda ya ce zai zo gaishe shi sai ya ce, "Ka same ni a masallaci." Ni kaɗai nake faɗa masa ɗaki ba sallama, don jika ba ya jin kora. Ranar da zan tafi Kano ya ba ni turare in kai wa Umma, ya ce in gaya wa jaririyar angonta yana nan zuwa baɗi. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Da gari ya waye na hau mota zuwa Satwa. Na bi layin teloli ina duba benaye, har na gane wani shagon maɓallai da muka wuce a wancan zuwan. Benen ba shi da lifta. Na bi matakala na hau. Da na fito kan rufin, rana ta riga ta gasa simintin, abin da na fara gani ledojin burodi ne a rataye a hannun ƙofar, sun taru, na ƙasan sun bushe. Na tsaya na kasa ɗaga hannu, sai a lokacin na san abin da Kaka yake ji duk mako.

Na ƙwanƙwasa. Babu komai sai ƙarar iyakwandishan.

"Baba, jikan Malam ne. Wanda ya zo rannan."

Na sake bugawa da ƙarfi, na kira, na kira. Har na fara karanto abin da ake karantawa in an yi rashi, sai na ji murya, ba daga tsayin mutum ba, daga ƙasa, ta ƙarƙashin ƙofar.

"Tafi abinka, ɗan nan."

Na durƙusa na kai bakina wurin. "Baba, buɗe mini."

"Ba na iya kaiwa ga sakatar. Ƙafar ce. Na faɗi tun shekaranjiya."

"To bari in kira mai gadi da motar asibiti."

"Kada ka kira kowa." Muryar ta ɗan yi ƙarfi. "In suka zo za su tambayi takarda. In suka tambaya, sun tafi da ni ke nan. Ka bar ni. Na roƙe ka don Allah."

Ban taɓa shiga tsaka mai wuya irin ta wannan ranar ba. In na kira, na rushe masa maɓoyar da ya yi shekaru yana tsaro, na tura shi inda ya fi tsoro fiye da kabari. In ban kira ba, na san abin da za a samu a bayan ƙofar nan, mako bai cika ba da muka ga irinsa. Na kira Kawu na faɗa masa. Yana ji ya kashe wayar. Ban san yadda ya yi ya iso da wuri haka ba, sai gani na yi ya fito daga matakala yana haki, babbar rigarsa a kafaɗa, babu hula.

Ya durƙusa ya ce, "Baba, ni ne. Ja jikinka daga bakin ƙofa."

"Kai ne ka ce ba a buɗe wa mutum gida."

"Ni ne. Ja jikinka, Baba."

Muka ji jan jiki a hankali. Kawu ya ja baya ya daki ƙofar da kafaɗa, ya sake, a na ƙarshe sakatar ta fita da kusoshinta. Ba zan bayyana ƙafar ba. Ni na kira motar asibitin, Baba Tela yana kallona ina magana, bai sake roƙona ba, ya dai juya fuskarsa bango.

Ma'aikatan suka ɗaure shi a gadon ɗauka, suna ce masa da Larabci, "Shuwayya, shuwayya, Hajji," wato a hankali. Da aka fito da shi rana ta haske masa ido, ya runtse. A bakin matakala ya kamo wuyan hannuna, riƙon da ban zaci yana da ƙarfinsa ba.

"Na san bai yi tafiya ba," ya ce. "Bai faɗa mini ba, don haka bai tafi ba. Tun ranar Juma'ar na sani. Na sa takalmi, na sa hula, na tsaya a bayan ƙofar nan har aka kira magariba. Tsakanina da ɗakinsa layi biyu ne. Ƙafata ta ƙi fita, ɗan nan, kuma lokacin lafiyarta ƙalau."

Kawu ya juya baya ya dafa bango. Ni kuma na bi su muka sauka.

An ceci ransa, an yanke gaban ƙafar. Jami'an da suka zo asibiti ba su yi masa tsawa ba, da ladabi suka yi magana, amma maganar ɗaya ce: in ya warke zai koma gida. Na yi ta zuwa dubiya, in na yi sallama ya amsa, daga nan ba ya ƙara ko kalma. Ban ga laifinsa ba. Na raba shi da ɗaki, da keke, da ƙasar da ya tsufa a cikinta, zan kuma sa a sauke shi a filin jirgin da babu mai jiransa. Wannan tunanin ya hana ni sakat, har na kira Umma na zayyana mata komai.

Umma ta saurara har na gama. Ta ce, "Shi ne mai ɗinko mana kayan salla da Babana ke aikowa?"

Na ce shi ne.

Ta ce, "To a kawo shi gidan nan. Shagon ƙofar gida yana nan, wanda Babana ya sa aka gina masa don in ya dawo. Ko kwana ɗaya bai yi a ciki ba. Gobe zan sa a share."

Na koma asibiti na zauna a gefen gadon na faɗa masa, ban sa ran amsa ba. Ya daɗe yana kallon inda ƙafarsa ta ƙare a cikin bandeji. Hawaye ya gangaro ya shige gemunsa, bai goge ba. Sannan ya juyo ya dube ni, karo na farko tun ranar rufin.

"Ka gaishe ta," ya ce. "Ka ce mata kafin in zo, a cire sakatar da ke cikin ɗakin."

Ya Allah, ga bawanKa nan mun bar shi a ƙasar da bai taɓa kira gida ba, a cikin yashi, tsakanin mutanen da bai san harshensu ba. Ka san ya rayu yana tsoron kaɗaici, Ka zame masa abokin zama. Ka yafe masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka shi. Mu da muka rage a ɗakunan nan, Ka sa a neme mu da wuri.